Tallafin Birnin New York: Wanne Ne Sai Mai Takarda, Wanne Ne Na Kowa?

SakatarenZango:
Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su warware mana wata magana da ta daɗe tana yawo a masallatanmu na Bronx da Harlem. Da wuya Juma'a ta wuce ba a miƙe an ce a taimaka wa wane da kuɗin haya ba, ko wance tana asibiti, ko an yi rasuwa babu kuɗin jana'iza. In ka ce me ya hana a nemi tallafin gwamnati, amsa biyu ce. Ko a ce ai sai mai takarda, ko a ce duk wanda ya karɓa ya ɓata girin kad ɗinsa, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka. Haka abin yake? In ba haka ba ne, daga ina ake farawa? Don Allah mai amsawa ya faɗi abin da ya tabbatar, ban da ji-ta-ji-ta.

Malam_Tafinta:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Ruɗanin yana zuwa ne daga ɗaukar gwamnati a matsayin abu guda. Aljihu uku ne: na tarayya, na jihar New York, da na birni. Kowanne da sharaɗinsa. Kuɗin tarayya shi ne mai tsaurin sharaɗin takardar zama, kamar katin abinci na SNAP. Na birni kuwa da yawansu ba ruwansu da yadda mutum ya shigo ƙasar, abin da suke so su sani shi ne kana zaune a ɗaya daga cikin gundumomi biyar. A nan akwai katin shaida na IDNYC, da NYC Care na asibiti, da Fair Fares mai rage rabin kuɗin jirgin ƙasa da bas, da makarantar yara, da lauyan kotun haya. Abin da ya sa mutane ke rikicewa shi ne ofishi ɗaya ne, wato HRA mai kula da tallafin jama'a a birni, yake karɓar takardun SNAP na tarayya da Fair Fares na birni, a manhaja ɗaya mai suna ACCESS HRA. Sai a hana mutum ɗaya daga ciki, ya dawo unguwa ya ce an ce babu komai sai da takarda.

MaiTasi167:
To IDNYC ɗin me yake tsinana wa mutum? Ba a tuƙi da shi, ba a hawa jirgin sama da shi.

HajiyaMaiKoko:
@MaiTasi167 ba don tuƙi aka yi shi ba, Alhaji. Lasisin tuƙi na jiha ne, kuma tun Disamba 2019 jihar tana bayarwa ba tare da tambayar takardar zama ba. IDNYC an fara shi a Janairu 2015, kyauta ne, daga shekara 10 zuwa sama. Amfaninsa shi ne ka daina yawo da fasfo a aljihu. 'Yan sandan birni suna karɓarsa, ana shiga makarantar yara da ofisoshin birni da shi, wasu bankuna da ƙananan ƙungiyoyin ajiya suna buɗe asusu da shi, ba duka ba.

Tsarin maki ne. Ana son maki 4: uku na shaidar kai waye, ɗaya na shaidar inda kake zaune. Fasfo mai rai yana cike ukun. Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne makin nan guda na adireshi, saboda ɗaki suke haya a hannun wani, babu sunansu a yarjejeniyar haya, babu a takardar wuta. Mafita ita ce a nemo wata takarda ta hukuma da ta zo da sunanka da adireshin: ta banki, ta asibiti, ta makarantar yaro. Galibi ana son wadda ba ta wuce kwana 60 ba. Kuma asali ake kaiwa, ba hoton waya ba.

Badamagare:
Ƙari a kan maganar Hajiya, musamman ga mu 'yan Nijar. A duba rubutun suna. Fasfo ya ce Mahamadou, takardar asibiti ta ce Mohammed, ta banki ta ce Muhammad, ga kwamfuta mutum uku ne. A zaɓi na fasfo a bi shi harafi da harafi a ko'ina. Haka ranar haihuwa: mu muna fara rubuta rana sannan wata, su suna fara wata. Wanda aka haifa 5 ga Maris in bai kula ba sai a mayar da shi 3 ga Mayu, kuma gyaran yana cin makonni. Takardar haihuwar yara da ke cikin Faransanci a sa a fassara ta tun kafin a buƙace ta, mai fassarar ya sa hannu.

UmmanKhalifa:
NYC Care kam sai mutum ya yi wata shida a birni kafin su karɓe shi.

Nas_Rakiya:
@UmmanKhalifa da haka ne, Anti, amma an cire wannan sharaɗin a 2022. Yanzu zama a birnin kawai ake so.

Bari in yi bayanin asibiti gaba ɗaya tun da shi ya fi cin kuɗin masallaci. NYC Care ba inshora ba ce. Shiri ne na asibitocin birni, kuma a Bronx aka fara shi a 2019. Yana aiki ne kawai a asibitoci da dakunan shan magani na NYC Health + Hospitals, irin su Lincoln, Jacobi, North Central Bronx da Harlem. In ka kai katin asibiti mai zaman kansa ba zai yi ba, kuma wannan ne ke jawo wa mutane takardar bashi mai nauyi. Da farko za a zaunar da kai da jami'in kuɗi ya duba ko ka cancanci inshora. In ba ka cancanta ba, ko ba za ka iya biya ba, sai a ba ka kati da likitanka na kanka. Abin da za ka biya ya danganta da kuɗin shigarka da yawan iyalinka, yana iya zama sifili. Ana sabunta shi duk shekara, wanda ya manta sai ya ga an caje shi cikakken farashin magani.

Akwai kuma rukunin da jiha ke ba inshora ta gaske ko babu takarda. Duk yaro ƙasa da shekara 19 yana samun Child Health Plus. Mai ciki tana samun Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, har wata 12 bayan haihuwa. Dattijo mai shekara 65 zuwa sama mai ƙaramin ƙarfi ya shiga tun Janairu 2024. Sai Medicaid na gaggawa ga sauran manya, wanda ana iya yin rajistarsa tun mutum yana lafiya. Sashen gaggawa kuwa dokar tarayya ta 1986 ta hana a kori mara lafiya don ba shi da kuɗi.

Masu hawan jini da ciwon suga su ne suka fi buƙatar wannan. Ana sa ɗan'uwa ya taho da ƙwayoyi daga gida, babu mai auna jini, babu mai duba ƙoda, sai ranar da aka faɗi.

Dan_Nima:
Duk wannan daɗin baki ne in ba za a ji abin da kake faɗa ba. Ka ce Hausa kake ji, sai su kawo maka mai Faransanci don sun ga baƙar fata daga Afirka ta Yamma. Mutumin Kumasi ko Nima a Ghana ina ruwansa da Faransanci?

Malam_Tafinta:
@Dan_Nima ƙorafinka yana kan hanya. Dokar birni mai lamba 30 ta 2017 ta ware harsuna 10 da dole a fassara muhimman takardu cikinsu: Sifaniyanci, Sinanci, Rashanci, Bengali, Kiriyol na Haiti, Koriyanci, Larabci, Faransanci, Urdu da Polanci. Babu Hausa, babu Fulatanci, babu Wolof. Amma dokar ta kuma wajabta tafinta ta waya a harsuna aƙalla 100, kuma kamfanonin da ake haya suna da masu Hausa, sai dai ba su da yawa, shi ya sa akan jira.

Yadda ake yi: a rubuta sunan harshen da manyan baƙaƙe a takarda a miƙa tun a bakin tebur. A ce a rubuta shi cikin fayil, don kowace ganawa ta gaba a san da shi. In tafintan da aka haɗa ku Hausarsa ba taka ba ce, misali Bakano da mutumin Zangon Accra suna iya saɓawa a kalmomin kuɗi da na ciwo, kana da damar cewa a sake wani. Kada kunya ta sa a ce "na gane" alhali ba a gane ba. Kuma a daina kai yaro ɗan shekara 12 ya fassara wa mahaifiyarsa maganar likitan mata ko ta bashin haya. Bai dace ba, kuma yaron yana tsallake abin da ya yi masa nauyi a baki.

Bakatsine:
Ni fa ina ganin wannan duk bara ce da aka sa wa riga. Mutum da lafiyarsa ya zo neman na kansa, ya koma layin karɓar abinci?

HajiyaMaiKoko:
Alhaji Bakatsine, mai tuƙa tasi awa goma sha biyu yana biyan haraji a kowane galan na mai da ya saya. Kuɗin nan daga nan suke. Abin da yake haram shi ne ƙarya: a ɓoye albashin miji, ko a ce ba a tare alhali ana tare. Wannan kuwa suna kamawa, domin suna gwada bayanai da na ma'aikatar ƙwadago, su sa a biya duk abin da aka karɓa, kuma yana iya bin mutum har ranar neman zama ɗan ƙasa.

AbuSumayya:
Mu dawo kan SNAP tun da shi ne ya fi rikitarwa. Babba mara takarda ba ya samu. Babba mai girin kad galibi sai ya cika shekara 5, wannan tun dokar 1996. Yaro mai girin kad ƙasa da 18 ba ya jira. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta cire waɗanda aka ba mafaka da 'yan gudun hijira har sai sun karɓi girin kad. Amma yaron da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, uwa ko uba suna iya nema masa. A fom ɗin sai iyaye su nuna ba don kansu suke nema ba. Za a tambayi kuɗin shigarsu, ba za a buƙaci lambar Social Security tasu ba, wato lambar da gwamnatin tarayya ke ba mutum don aiki da haraji.

Matakan:
Ka shigar da buƙata a ACCESS HRA. Ko suna da adireshi da sa hannu kawai ka cike, ranar ta kama, kuma daga ranar ake lissafin kuɗin. Don haka kada a jira sai takardu sun cika.
Sai ganawa ta waya. Kai ne za ka kira, kada ka zauna jiran su.
Sai takardu: shaidar kai, ta haya, takardun albashi na makonni huɗu na baya. A ɗauki hotonsu cikin haske da manhajar, kusurwa huɗu su fito. Mai karɓar kuɗi a hannu, kamar mai kitso ko mai wankin mota, ya kawo wasiƙar mai aikin, ko ya riƙa rubuta abin da ya samu kullum a littafi.
Hukunci cikin kwana 30. Wanda kuɗin shigarsa bai kai dala 150 a wata ba kuma abin da ke hannunsa bai wuce 100 ba, ko hayarsa da wuta sun fi abin da yake samu, ana ba shi na gaggawa, ba ya wuce mako guda.

Ga samari masu raba ɗaki: iyali a wurinsu shi ne waɗanda suke saye da dafawa tare. Mutum huɗu a gida ɗaya kowa da tukunyarsa, iyali huɗu ne. Miji da mata kuwa, da 'ya'ya ƙasa da 22 da ke gaban iyaye, dole a haɗa su.

Yawancin waɗanda aka hana, ba don ba su cancanta ba ne. Wasiƙa ce ta zo akwatin da babu sunansu, mai kawo wasiƙa ya mayar, wa'adin kwana 10 na kai takarda ya wuce. A manna suna a akwati, a kunna sanarwar manhaja.

UmmanKhalifa:
Kuma ɓarayi suna kwashe kuɗin katin. Ana cewa gwamnati tana mayarwa.

AbuSumayya:
Ta daina, Hajiya. Biyan diyyar SNAP da aka sace ya tsaya ga satar da ta faru bayan 20 ga Disamba 2024. Wata na'ura suke ɗorawa a kan abin goga kati a shaguna, ta kwafi lamba da lambar sirri. A riƙa kulle katin a manhajar katin, a buɗe shi kawai a gaban mai karɓar kuɗi, a toshe sayayya daga wajen jiha, a canza lambar sirri kwana ɗaya kafin kuɗi su shigo.

Nas_Rakiya:
Kada a manta da WIC, tallafin abinci na mata da ƙananan yara. Shi ba ya tambayar takarda sam. Mai ciki, mai shayarwa har shekara guda, da yara har shekara 5. Madara, ƙwai, hatsi, wake, kayan lambu, madarar jarirai. Wadda take da Medicaid ta riga ta cika sharaɗin kuɗi. Rumbunan raba abinci ma ba sa tambaya, wasunsu na halal ne, a kira 311, lambar wayar tambaya da ƙorafi ta birni, a tambayi na kusa.

Lauje_Grand_Concourse:
Na ga har yanzu ba a taɓa rabin tambayar Malam Sakatare na biyu ba, wato ɓata girin kad. Abin da ake tsoro sunansa public charge, gwajin da ake yi wa mai neman girin kad ko biza don a ga ko zai zama nauyi a kan gwamnati. Ba a yi wa mai sabunta girin kad, ba a yi wa mai neman zama ɗan ƙasa, ba a yi wa wanda ya samu ta hanyar mafaka. Wanda ya fi shafa shi ne mai nema ta hanyar aure ko dangi. Mai girin kad kuma da ya je gida ya wuce kwana 180 yana iya haɗuwa da shi a filin jirgi, wannan dattawanmu masu dogon hutu su riƙe.

Me ake ƙirgawa? Ya danganta da gwamnatin da ke ci. Ƙa'idar 2019 ta sa SNAP da Medicaid da tallafin gida a ciki. An jingine ta a 2021. Ta 2022 ta taƙaita ga tallafin tsabar kuɗi na wata-wata da doguwar jinya a gidan kulawa da kuɗin gwamnati, kuma ba ta ƙirga abin da yaro ya karɓa a kan iyayensa. A ƙarshen 2025 an fitar da daftarin soke ta 2022 ɗin. Saboda haka mai shirin shigar da takardar girin kad ya ga lauya kafin ya nemi tallafin tarayya ko na tsabar kuɗi. Birni yana da lauyoyin shige da fice kyauta ta ofishin magajin gari mai kula da baƙi, ana samunsu ta 311.

Abu biyu da suka fi wannan haɗari. Na ɗaya, fom ɗin rajistar zaɓe. Ana miƙa shi tare da takardun tallafi da na lasisi. Wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya sa masa hannu, domin ikirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya yana iya rufe ƙofar takarda har abada. Na biyu, masu shagon cike fom da suke kiran kansu masana. Wanda ba lauya ba ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, ba shi da hurumin ba da shawara. Neman mafaka yana da wa'adin shekara guda daga ranar shigowa, kuma an sha barin mutane ya wuce su.

Badamagare:
Barista, maganarka ta doka ce. Tsoron mutane ba gwajin ba ne, adireshin ne. Ka ba su inda kake kwana, gobe wa ya san hannun da zai faɗa?

Lauje_Grand_Concourse:
Tsoron ba na banza ba ne. Umarnin magajin gari mai lamba 41 na 2003 ya hana ma'aikatan birni tambaya ko bayyana matsayin mutum sai inda doka ta tilasta. Wannan ya rufe shirye-shiryen birni. Amma Medicaid da SNAP bayanansu suna tafiya sama, kuma a 2025 an yi ta shari'a tsakanin jihohi da gwamnatin tarayya a kan miƙa bayanan masu Medicaid ga hukumar shige da fice. Babu lauyan kirki da zai ce maka babu haɗari ko kaɗan. Kowa ya auna nasa. Ni a ganina, uwar da ta ƙi awon ciki don wannan tsoron ta ɗauki haɗarin da ya fi girma.

Badamagare:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Wanda bai taɓa shiga kundinsu ba da wanda ya riga ya shiga ba ɗaya ba ne.

KawuSale:
Ku bar ni in yi maganar haya, don ita ke sa a fi miƙewa a masallaci. Mai gida ba shi da ikon fitar da kai da hannunsa. Duk wanda ya zauna kwana 30 a wuri bisa ƙa'ida, ko babu yarjejeniya a rubuce, ko a hannun wani ɗan haya yake, canza masa makulli ko fitar masa da kaya laifi ne, 911 ake kira. Hanyar doka ita ce: takardar neman kuɗi ta kwana 14, sannan sammacin kotu, sannan hukuncin alƙali, sannan mashal, jami'in da ke zartar da hukuncin fitarwa, ya ba da sanarwar kwana 14. Kotun haya ta Bronx tana lamba 1118 Grand Concourse. Babban kuskure shi ne ƙin zuwa. In ba ka je ba, an yanke a bayanka.

Tun 2017 birni ya yi dokar ba ɗan haya mai ƙaramin ƙarfi lauya kyauta, ba a tambayar takarda. Lauyoyin ba su isa ba, gaskiya ce, don haka a ranar farko ka ce kana son lauya da tafinta, ka roƙi a ɗaga zaman. Kada ka sa hannu a yarjejeniyar da lauyan mai gida ya miƙo maka a baranda. Shi ba naka ba ne ko da ya yi maka fara'a.

Bashin haya kuma akwai One Shot Deal na HRA, tallafin gaggawa na sau ɗaya. Suna son lissafin bashin wata-wata daga mai gida, dalilin da ya sa aka faɗa bashi, da shaidar cewa za ka iya biyan na gaba. Wannan na ƙarshen ne ke kayar da mutane. Kuma ana iya cewa ka mayar da kuɗin a hankali. Shi yana duba takardar zama, amma gidan da ke da yaro ɗan ƙasa ya nema a gani. Ofisoshin Homebase, shirin birni na hana mutum rasa gida, suna taimakawa tun kafin a kai kotu.

Anan kuɗin masallaci suke da amfani na gaske. In bashin dala 6,000 ne, aka ce jama'a sun tara 1,500, a rubuta wasiƙa da kan takardar masallaci a haɗa da buƙatar. Ya fi a miƙa wa mai gida tsabar kuɗi babu rasit.

MaiTasi167:
Wanda aka riga aka fitar fa?

KawuSale:
Birnin yana da wajibcin ba da wurin kwana, asalinsa yarjejeniyar kotu ta 1981. Iyali masu yara da mata masu ciki suna zuwa PATH, ofishin karɓar masu neman wurin kwana, lamba 151 East 151st Street a Bronx, dare da rana. A tafi da kowa da takardun haihuwa. Za a ba ku wuri na wucin gadi kamar kwana 10 suna bincike, kuma za su nemi duk inda kuka zauna cikin shekara biyu. Za su kira dangin da kuka ambata. In ɗan'uwa ya ce "ai gidana gidansu ne" don kara, sai a ce kuna da wurin zuwa, a hana ku. A gaya wa dangi su faɗi gaskiyar cewa babu wuri. Otal ɗin Roosevelt da ake kai sababbin zuwa an rufe shi a 2025, kada a tura kowa can.

Dan_Nima:
Sanyi na tafe, a faɗa wa mutane dokar ɗumama gida. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, da rana in waje ya sauka ƙasa da digiri 55, dole ciki ya kai 68. Da dare daga 10 zuwa 6 na safe dole ya kai 62 ko yaya waje yake. Ma'aunin Fahrenheit ke nan. A sayi ma'aunin zafi, a ɗauki hoto da lokaci, a kira 311 a karɓi lambar ƙorafi, maƙwabta ma kowa ya kira nasa. Gobarar Twin Parks ta 9 ga Janairu 2022 da ta ci rai 17, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya, daga hita ta tashi, hayaƙin kuma ya bi ƙofofin da ba su rufe kansu ba. Ƙofar da ba ta rufe kanta ita ma abin kai ƙara ce. Allah Ya jiƙansu.

UmmanKhalifa:
Amin ya Allah.

MalamaHadiza:
Makaranta ba a tambayar takarda, hukuncin kotun ƙoli ne tun 1982. A je Family Welcome Center, ofishin rajistar ɗalibai. Iyalin da ke shelta, wato gidan kwanan marasa muhalli, ko suke raɓe a gidan wasu, dole a karɓi yaron nan take ko takardu ba su cika ba. Abinci kyauta ne ga kowane ɗalibi tun 2017, wasu makarantu suna da na halal, sai iyaye sun tambayi shugaban makaranta. Ana hutun Sallah ƙarama da babba tun shekarar karatu ta 2015. Rigakafi kuwa dole ne, an soke uzurin addini a 2019, a taho da katin rigakafin gida don kada a sake wa yaro allurai daga farko.

Abin da nake so iyaye su ji da kyau: malami da nas da likita doka ta tilasta musu kai rahoto in sun ga tabon duka. Hukumar kare yara ta birni, wato ACS, za ta zo gida cikin awa 24 zuwa 48, binciken ya kai kwana 60. Bulala ko waya da ta bar shaida a jiki, a nan sunanta cutar da yaro. In sun zo, a nemi tafinta, a karɓi sunan jami'in, a nemi lauyan iyaye tun ranar.

Bakatsine:
Wato a bar yara su lalace ke nan.

MalamaHadiza:
Ba a ce kada a yi tarbiyya ba, Baba. An ce a san inda doka ta ja layi.

SakatarenZango:
Allah Ya saka da alheri. Saura jana'iza, ba wanda ya taɓa ta.

AbuSumayya:
HRA tana biyan har dala 1,700 ga mamaci mazaunin birni mara ƙarfi, in kuɗin jana'izar bai wuce 3,400 ba. Kuɗin kabari da haƙarsa ba sa cikin wannan lissafin, kuma wannan ya yi mana daidai tun da su ne masu tsada, galibi a maƙabartun New Jersey. Ana da kwana 120 daga ranar rasuwa. Mu da muke gaggawar binnewa, sai a biya a nema daga baya. A ce wa gidan jana'izar ya ba da rasit mai rarrabe kowane abu, wanka da likkafani daban, mota daban, kabari daban. In aka dunƙule su a lamba ɗaya ta haura 3,400, an rasa. Za su duba abin da mamacin ya bari a banki su cire. In gawa tana hannun likitan binciken gawa, dangi suna da damar cewa addini bai yarda da yanka ba, ana saurarawa sai inda ake zargin kisa ko wata larura ta doka.

HajiyaMaiKoko:
Dala 1,700 ba ta kai gawa Accra ko Yamai, kuma ba ta isa ko a nan. Asusun jana'iza na ƙungiyoyinmu ba shi da madadi. Kowane masallaci ya riƙe rajistar mambobi da lambar wani na gida. Gwauron da ya rasu a ɗaki babu wanda ya san danginsa, in ba a fito an karɓe shi ba, Hart Island za a kai shi, maƙabartar birni ta gawawwakin da ba a karɓa ba.

Malam_Tafinta:
Wani abu da AbuSumayya bai kawo ba. In an hana ka tallafi ko an yanke maka shi, ba shi ke nan ba. A bayan wasiƙar akwai bayanin Fair Hearing, zaman da alƙalin jiha ke sauraron ka da HRA. SNAP kwana 90, tallafin kuɗi da Medicaid kwana 60. In ka nema kafin ranar da yankewar za ta fara aiki, galibi cikin kwana 10, ana ci gaba da ba ka har a yanke hukunci, sai dai in ka faɗi za a iya cewa ka mayar. A adana ambulan ɗin ma, hatimin ranar aikowa yana da amfani.

Badamagare:
Malam Sakatare, in za a karanta wannan a masallaci, a raba shi gida biyu: na birni daban, na tarayya daban. Kada a haɗa a ce wa mutane duka lafiya lau.

Lauje_Grand_Concourse:
Na yarda da rabawar, amma Child Health Plus da Medicaid na masu ciki ba za su zauna daidai a ɗaya daga cikin biyun ba. Sai an yi gida na uku.

MaiTasi167:
Fair Fares ɗin da aka ambata a sama, shekara nawa ake farawa? Akwai masu kai abinci a keke da yawa da ke tambaya.

HajiyaMaiKoko:
Daga 18 zuwa 64, Alhaji. Dattawa 65 suna da nasu ragin a hukumar sufuri ta MTA. Iyakar kuɗin shiga an ɗaga ta fiye da sau ɗaya tun 2019, don haka wanda aka hana shekarun baya ya sake gwadawa. Su ma masu karɓar kuɗi ta manhajar kai abinci, bayanin biyan da ke cikin manhajar suke saukewa su tura a matsayin shaidar albashi.